Gurbin Rumman

Ranar da aka karya gurasar baikon Sitora, tun ba a kwashe kwanuka ba tsohuwa Hosiyat ta faɗa a gaban kowa cewa kyautar uwar ango ita za ta yi da hannunta. Ba wanda ya yi mata musu. Wa ma zai yi? Duk Urgut an san allurar Hosiyat. Akwai gidaje a garin nan da in ka shiga ɗakin baƙi ka ɗaga kai, suzanin da ke rataye a bango nata ne: ƙyalle mai faɗin bargo biyu, cike da surfanin siliki, manyan furanni jajaye da baƙin reshe yana zagaye su. Wasu tun auren iyayen masu gidan suke nan, launinsu bai ko dushe ba.

Rayhon, 'yar Hosiyat kuma uwar amarya, ta ji daɗi a ranar, har da ajiyar zuciya. Don kudarta, wato uwar ango, Mastura, ba ƙaramar mace ba ce. Ta je Istanbul ta je Dubai, gidanta a Samarƙand ba abin da babu, kuma irin matan nan ce da in an miƙa musu kyauta sai sun juya ta sun duba bayanta kafin su ce an gode. Me za ka kai wa irin wannan? Sai abin da ba a samu a kanti.

A kantin magani Rayhon take aiki a Samarƙand, amma kowace Lahadi takan hau ƙaramar bas ta tafi Urgut. Aikinta na farko in ta isa shi ne zura zare. Hosiyat ta ce wai alluran yanzu ba su da kafa, masu ƙera su ne suka lalace. Don haka Rayhon kan zauna ta zura wa allurai da yawa zare, ja da baƙi da kore da shuɗi, ta sossoka su a ɗan matashin da ke gefen tsohuwar, su ishe ta mako. Maganar yanar da ta hau idon tsohuwar kuwa ba a yin ta a gidan nan. Sau ɗaya Rayhon ta ambaci likita, tsohuwar ta yi kwana da kwanaki ba ta ɗaga mata waya ba.

Suzani falle-falle ake ɗinka shi, sai an gama a haɗa, shi ya sa Rayhon ba ta ga aikin gaba ɗaya ba sai da biki ya matso. Ran nan ta tarar da uwarta a kan gadon katakon da ke ƙarƙashin inabi, ta sa sabon kallabi, sai murmushi take yi ita kaɗai. Ta zuba wa Rayhon shayi ɗan kaɗan a gindin kwano, kamar yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe, a yi ta ƙara masa ana hira. Cika wa mutum kwano kora ce, kuma a nan Hosiyat ba ta taɓa kuskure ba. Takan ce ko an ɗaure mata ido, kunnenta ya san inda shayi zai tsaya.

"Ajiye kwanon, zo ki kama min can," in ji ta.

Suka shimfiɗa shi. Daga nesa, Hosiyat ce sak. Furannin nan manya-manya kamar faifai, reshen yana tafiya yana lanƙwasa yadda ba mai iyawa sai ita. Da Rayhon ta sunkuya sai ta ga wani abu dabam. Zare ya bar layin tawadar zanen ya yi nasa wuri. Ga ganye shuɗi a tsakiyar korayen 'yan'uwansa. Ga fure da aka fara da ja aka ƙarasa da ruwan goro. Sannan ga gurabe nan da can inda allura ba ta bi ba ko kaɗan, farin ƙyalle yana leƙowa da zanen tawada tsirara a kansa.

"Ya kika gani?"

"Ya yi kyau, Oyi," in ji Rayhon, don haka take kiran uwarta.

"Kyau kawai? Ke dai tun kina yarinya yabo yake miki wuya. Halin ubanki ne, Allah ya jiƙansa."

"Ya yi kyau ƙwarai, wallahi."

Har da rantsuwa. Wannan rantsuwar ce ta bi ta har cikin bas.

"Gurbin fa?" in ji Hosiyat. "Kin gan shi?"

Kowace mai suzani takan bar wuri ɗaya ƙarami ba ta cike ba, da gangan, don kada biki ya ƙare a gidan, kuma hannun na baya ya sami inda zai ɗora. Wannan ko yaro ya sani. Abin da Rayhon ba ta sani ba shi ne wanne ne a cikinsu.

"Na gani, Oyi."

"To. Ranar gaisuwar amarya, a gaban kuda da danginta, ni zan kama hannun Sitora in ɗora a kai. Ita za ta cike shi a ɗakinta. Yarinyar nan ba ta iya riƙe allura ba, laifinki ne, amma za ta koya."

Washegari Rayhon ta fara neman wata kyautar, a ɓoye, kamar mai satar fita. Dabararta ita ce ta samo abin da zai tafi da idon kowa, a miƙa shi a gaba, suzanin kuma a bar shi a ninke a ƙasan akwati. Ta ce wa kanta don ta rufa wa uwarta asiri take yi. Rabin wannan gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa fuskar Mastura ce, da yadda za ta ɗaga gira ɗaya ta dubi ƙannenta, da kuma Sitora da za ta zauna a gidan nan ta yi ta jin ana cewa ai kakarta ce ta yi wancan.

Ta fara da wani maginin tukwane a bayan gari, Usta Normurod, mai yin farantan shinkafa masu ruwan shuɗi da kore. Ya ɗaga ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce, farantin ya yi ƙara kamar ƙararrawa.

"Wa za a ba, opa?" in ji shi, wato yaya, kiran girmamawa.

"Kudata."

"Mai kirki ce ko mai ido?"

"Mai ido."

"To ɗauki wannan babban. In ta yaba, ku ci a ciki. In ta yi magana, ki kife mata shi a kai."

Rayhon ta yi dariya ta saya. Da ta isa gida ta hau kujera ta tura shi can saman kabad. Bayan kwana biyu ta je wurin masassaƙi ta ɗauko akwatin kayan ado da aka sassaƙa wa ganye har a cikin murfi. Ta je inda ake dukan ɓawon itace ana yin takarda da hannu. Ta tsaya gaban wata mai saƙar atamfar siliki har ƙafarta ta yi tsami. Kowanne kyakkyawa ne, kowanne babu irinsa biyu, masu yin su kuma mutanen kirki ne, sai sun ba ta shayi kafin su bar ta ta tafi. Amma duk wanda ta ɗauka, sai ta hango kanta tana miƙa shi ga Mastura, uwarta na zaune a gefe da ƙunshinta a cinya tana jiran a kira ta. Nan take abin sai ya fita daga ranta.

Mijinta Erkin ne ya gano kayan, yana neman hularsa ta biki.

"Wannan kuma fa? Shago za mu buɗe ba a gaya min ba?"

Ta ba shi labari. Ya sosa ƙeya.

"Ki sai mata wuƙa mana, mai ƙotar ƙaho. Ta yanke zumuncin tun yanzu, kowa ya huta."

"Kai komai wasa ne a wurinka."

"To ki faɗa wa tsohuwa gaskiya. Ki ce Oyi, ido ya yi rauni, a bar wannan a gida."

"Kai ka je ka faɗa mata."

"Ni? Ina son raina," in ji Erkin, ya ɗauki hularsa ya fice.

Wata abokiyar aikinta ce ta kwatanta mata gidan Zulhumor, mai sana'ar suzani, a wani lungu na tsohon gari. Ta tarar da mata sun zauna a tsakar gida kowa da falle a cinya, uwar gidan kuma tana yawo a tsakaninsu da waya biyu a hannu, haƙoran zinariya na walƙiya, tana magana da wani mai saye a ɗaya, tana faɗa da mai rini a ɗayar.

"Shigo, opa, shigo. Na bango kike so, na gado, ko na matashi? Duk na hannu ne. In kin ga na inji a gidan nan, ɗauka kyauta, har in raka ki bakin titi."

Aka yi ta warware mata suzani ɗaya bayan ɗaya. Ba inda zare ya kauce, ba ganyen da ya fita daga danginsa. Rayhon tana kallo, sai kawai ta ji hawaye na zubo mata, a gidan mutane, a gaban 'yan aiki. Kunya ta kama ta. Don ta kare kanta sai ta ciro waya ta nuna wa Zulhumor hoton na uwarta.

Zulhumor ta buɗe hoton da yatsu biyu, ta daɗe tana dubawa. A karon farko wayoyinta suka yi ta kuka ba ta kula su ba.

"Wannan hannun Urgut ne, tsohon hannu. Irin wannan reshen yanzu sai dai a kwaikwaya. Ido ne ya tafi, ko?"

Rayhon ta gyaɗa kai.

"To me kike nema a shagona? Kawo min shi. Ai ba sabon abu ba ne, opa, rabin tsofaffin da ke kawo min kaya bayansu muke bi. In warware inda ya kauce, in cike inda ta tsallake, ni da kaina, ba yara ba. Ko ita ba za ta gane ba."

"Za ta gane."

"Da wane idon?"

Rayhon ta ji maganar kamar mari. Ya kamata a ce ta ɗauki jakarta ta fita. Ba ta fita ba. Ta ma tambayi yaushe za a gama.

Karɓo suzanin bai yi wuya ba, wannan ya fi komai ci mata rai. Ta ce wa uwarta za ta kai a sa masa shafi a goge shi. Hosiyat da kanta ta ninke shi, ta naɗe a tsohon mayafi, ta ɗaure, ta haɗa mata da gurasa da busasshen inabi.

"Ki tsaya a kansu, kar su ƙona min siliki da dutsen guga. 'Yan birni ba su san wahalar abu ba."

A gidan Zulhumor suka shimfiɗa shi a kan darduma, su biyu suka durƙusa a kai.

"To, wanne ne nata?" in ji Zulhumor. "Gurbin da ta bari da niyya. Shi ba zan taɓa ba, ko me za ki ba ni. Sauran duk in rufe."

Rayhon ta bi guraben da ido.

"Ba ki sani ba? Ki tambaye ta mana, ga waya a hannunki."

Ta koma gefe ta kira. Ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kaji, ta tambayi ciwon gwiwa, sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Oyi, mai shafin ce take tambaya ina gurbin yake, wai don kar ta taɓa wurin."

"Makauniya ce?" in ji Hosiyat, muryarta har Zulhumor na ji. "Wuri ɗaya fari tas a cikin ƙyalle duka, ba ta gani? In ba ta gani ba ki karɓo min kayana, ba ta isa ta taɓa shi ba. Ke ki nuna mata mana. Ba kin ce kin gani ba?"

"Na gani, Oyi. Zan nuna mata."

Ta dawo ta sake durƙusawa. Ta bi guraben ɗaya-ɗaya. Akwai rabin fure, akwai wani ɗan rumman a kusurwar ƙasa, akwai wutsiyar tsuntsu, akwai wasu. A bakin sama ta ga ganye guda da aka bari fari, gefunansa tsaf, kamar an zagaye shi da niyya.

"Wannan ne."

"Kin tabbata?"

"Ya fi kama."

"Tsofaffi kan so baki-baki, gaskiya ne," in ji Zulhumor. "Amma ki shaida, ni ban ce ba. Ke kika ce."

Da aikin ya dawo, ko maƙiyi sai ya yaba. Shuɗin ganyen ya koma kore, furen ruwan goro ya zama ja, zare ya koma kan layi. Hosiyat ce ta shekarun baya, lokacin da ake bin layi a ƙofar gidanta. Rayhon ta tsaya a kansa tana jin kanta kamar ɓarauniyar da ta share gidan da ta shiga. Ba ta mayar da shi Urgut ba. Ta ce an riga an sa shi a akwatin da za a kai gidan ango, tsohuwar ta yi ɗan mita ta haƙura.

Aka yi biki, aka busa kakaki, aka ci shinkafa har maƙwabtan maƙwabta suka ƙoshi. Washegari da hantsi mata suka taru a babban ɗakin Mastura domin gaisuwar amarya. Sitora ta fito lulluɓe, ana kiran sunan dangi ɗaya-ɗaya tana rusunawa. Rayhon tana kallon 'yarta, amma hankalinta na kan akwatin da ke bayan ƙofa.

Da aka zo kan kyauta, mata huɗu suka kama kusurwoyin suzanin suka buɗe. Ɗakin ya ɗauki salati. Mastura ta tashi da kanta, ta sa tabarau, ta juya gefe ɗaya ta duba bayansa kamar yadda aka san za ta yi. Ta daɗe. Sannan ta cire tabarau ta dafa ƙirji.

"Buvi, kakarmu, a shekarunki? Wallahi na zaga duniya ban ga irin wannan ba. A ɗakin nan zan rataye shi, in sauke wancan kafet ɗin na Turkiyya."

Hosiyat ta gyara zama, fuskarta ta yi haske. Rayhon ta ji daɗi na ɗan lokaci, har ta fara cewa a ranta ai ga shi, da ma don wannan ta yi.

"Sitora, matso nan," in ji Hosiyat. "Ku miƙo min kusurwar ƙasa, ta hagu."

Ta ƙasa. Ba bakin sama ba, inda ganyen yake.

Tsohuwar ba ta ko sunkuya ta duba ba. Ta riƙe hannun jikarta da hagu, yatsun damanta suka kama baƙin reshen suka bi shi, suna tafiya kamar mai komawa gidansa, suka lanƙwasa inda ya lanƙwasa, suka sauka a kan ɗan rumman ɗin nan na kusurwa. Suka tsaya. Ta murza wurin da babban yatsa. Ta sake murzawa. A cike yake dam da jan siliki.

"Ga shi, na gano shi!" in ji ƙanwar Mastura daga can sama, tana tafi. "Gurbin! Ga shi nan, wannan ganyen. Na riga ku!"

Mata suka yi dariya, wasu na cewa su ma sun gani tun ɗazu.

"Wane ganye?" in ji Hosiyat a hankali.

Aka jawo mata bakin saman, aka ɗora yatsanta a kai. Ta taɓa ƙyallen tsirara, inda allurarta ba ta taɓa bi ba, ita kuma ba ta taɓa sani ba. Ta daɗe a haka. Rayhon ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta jira uwarta ta ɗago ta kira sunanta a gaban kowa, har ta fi son hakan.

"E," in ji Hosiyat. "Nan ne."

Ta ɗora hannun Sitora a kan ganyen, ta yi mata addu'a, aka shafa. Sannan, mata na ta hira ana zuba shayi, tafin hannunta ya ci gaba da yawo a kan ƙyallen a hankali, kamar mai gyara shimfiɗa. Ya bi furen nan, ya tsaya. Ya bi wutsiyar tsuntsu, ya tsaya. Ba wanda ya lura sai Rayhon, wadda aka ajiye wa samsa, gasasshen fulawa mai nama a ciki, da zafinsa a gaba ta kasa kai ko loma ɗaya baki.

Da la'asar Erkin ya ɗauke su a mota zuwa Urgut, uwa da 'ya a baya. Sun wuce gonakin inabi, duwatsu sun fara bayyana. Sai Hosiyat ta yi magana, tana fuskantar taga.

"Hannun wa ne?"

Erkin ya kai hannu ya kashe rediyo, sannan ya ga bai kyauta ba, ya sake kunnawa ƙasa-ƙasa.

"Wata ce a tsohon gari," in ji Rayhon. "Zulhumor."

"Ta iya. Tana ja da ƙarfi kaɗan, amma ta iya. Guraben da ta gyara, suna da yawa?"

"A'a, Oyi, 'yan kaɗan ne."

"Haka kika ce min ya yi kyau. Har da wallahi."

Rayhon ta sunkuyar da kai.

"Rumman na bar mata," in ji Hosiyat. "Ciki cike da 'ya'ya. Ta cike shi da hannunta, Allah ya cika mata ɗaki. Haka uwata ta bar min, haka na bar miki a naki, in kin taɓa dubawa. Wa yake bar wa amarya ganye? Akuya ce?"

Erkin ya yi wani tari da bai san inda zai kai shi ba.

Lahadin da ta biyo baya Rayhon ta hau bas da wuri. Ta tsaya a kasuwa ta sayi siliki kala-kala da sabon ƙyalle da aka riga aka yi wa zane, ƙarami, irin na rufe gadon jariri. Ta shirya abin da za ta faɗa tun daga Samarƙand, tana maimaitawa a hanya.

Ta tarar da uwarta a inda ta saba, a kan gadon katako, hannuwanta biyu a cinya ba komai a cikinsu. Rayhon ba ta taɓa ganin hannuwan nan a zaune ba. Ta gaishe ta, ta jawo ɗan matashin allurai don ta fara aikinta, sai ta ga a cike yake. Duk alluran da ta zura wa zare kafin biki suna nan a soke, ja da baƙi da kore da shuɗi, ba wadda aka zare.

"Oyi, ga ƙyalle na kawo. Kin san Sitora in Allah ya kawo rabo, za a nemi na gadon jariri."

"Ajiye can."

"Oyi, ki yafe min."

"Me kika yi? Kin rufa min asiri a gaban mutane. Kuda ta sauke kafet ɗinta saboda ni." Ta juya butar shayi a kan tire. "Abin da nake ta tunani, tun yaushe ne? Wanda na yi wa 'yar maƙwabciyata bara, shi ma haka yake? Yana can a bango, baƙi na shiga suna gani, suna cewa Allah sarki tsohuwa? Kuma kowa ya ce min ya yi kyau."

"Yana ce kawai, Oyi. Ana cirewa, aikin rabin yini ne. Ni zan kai ki, in zauna da ke."

"A cire in ga me? In ga zaren wata a kan nawa?"

Duk abin da Rayhon ta shirya a bas ya gudu. Ta so ta ce tsoro ta ji, ta so ta ce don Sitora ne, amma ta san ko ta faɗa, tsohuwar za ta ji sauran da ba ta faɗa ba.

Hosiyat ta laluba ta ɗauko kwano, ta miƙa wa 'yarta ta riƙe, ta ɗaga buta. Shayin ya rufe gindin kwanon, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya kai rabi, ya ci gaba. Bai tsaya ba sai da ya cika har baki ya zubo a yatsun Rayhon.

Ta ɗago ta dubi uwarta. Fuskar na kallon wajen inabi, ba fushi a kanta, ba komai. Ko kuskure ne, ko kora ce, Rayhon ta kasa ganewa, kuma ba ta da bakin tambaya. Ta riƙe kwanon da hannu biyu yana ƙona ta, ba ta sha ba, ba ta ajiye ba.